Haɗe ƙananan hukumomi a Ingila: shawarwarin da aka bayar

Shawarwarin sun fito ne daga wata tattaunawa da aka yi kan shirin da gwamnatin Birtaniya ta fitar a Disamba 2024, na rushe tsarin majalisu hawa biyu, wato ta gunduma da ta yanki, a kafa majalisa guda mai kula da mutane kusan 500,000 ko fiye.

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce kuɗi su biyo iko. Miƙa wa majalisa kula da tsofaffi da yara marasa galihu ba tare da tabbataccen kason kuɗi ba, ɗora mata nauyi ne kawai. Wannan batu ya fi damuna, domin waɗannan hidimomi ne ke cinye mafi yawan kasafin majalisu. An kuma nemi a fayyace wanda zai gaji basussukan tsoffin majalisu tun kafin a haɗe su.

Wasu sun ji tsoron kansila zai yi wa talaka nisa, suka ce a ƙarfafa majalisun ƙauyuka da garuruwa. Masu goyon bayan shirin sun kawo misalin amfanin hukuma mai faɗi a Mancesta da kewayenta, inda magajin garin yankin ya maido da motocin bas ƙarƙashin ikon hukuma daga 2023.