Kurajen pampas da makero: wa ya gwada clotrimazole?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun shigowar zafin nan Hassana ke fama da kuraje a wajen pampas, jawur har cikin matsematsi, ga ƙanana sun warwatsu a gefe. Basilin da man kaɗanya duk ba su yi ba. An rubuta mana clotrimazole, man shafawa mai kashe ƙwayar cutar fungus, a asibiti. Wa ta taɓa shafa wa jariri?

Ummu Abba: Wa alaikumus salam. Ni na shafa, kuma ya yi. Ki wanke da ruwan ɗumi, ki bari wajen ya bushe sosai, sannan ki shafa kaɗan-kaɗan, sau biyu ko uku a rana. Da rana kuwa shimfiɗa wa yarona leda nake da zani a kai, in bar shi tsirara ya sha iska. Wanki ya ƙaru, amma wajen ya warke.

Uwargida: Don Allah ki tsaya a kan wanda aka rubuta miki. Kishiyata mai kemis ya ba ta man nan mai haɗi uku, wai ya fi sauri. Jan ya kwanta nan da nan, har muna murna. Tana dainawa ya dawo ya fi da, wajen kuma ya yi fari fat.

Anti Nas: Uwargida, wannan mun gaji da ganinsa. Irin mayukan nan akwai sitiroid mai ƙarfi a ciki, betamethasone ko clobetasol. Yana ɓoye ja da ƙaiƙayi, ƙwayar cutar na ci gaba da yaɗuwa. Fatar jariri ba ta da kauri, ga pampas ya rufe, sai jiki ya zuƙe maganin da yawa. Maman 'Yan Biyu, jan da ya shiga lungun fata da ƙananan kuraje a gefe alamar candida ce, wato ƙwayar cutar fungus da clotrimazole ke kashewa. Wanda fitsari da kashi kawai suka ci, yawanci ba ya shiga lungu, shi man zinc oxide ya ishe shi. Ko ya warke a ido, ki cika kwanakin da aka ce miki.

Baban Yara: Iyaye mata a yi haƙuri na shigo. Makeron yarona a ka yake, bayan aski ya fito. Mun shafa mun shafa, shiru.

Anti Nas: Malam, makeron da ya fito a ka ba ya jin mai, don yana cikin saiwar gashi. Sai maganin sha, irin griseofulvin, na makonni. A kai shi likita, a raba masa tawul da hula, a saya masa injin askinsa.

Maman 'Yan Biyu: Na gode, Allah Ya bar zumunci. Anti, Usaina fa, in shafa mata ita ma?

Anti Nas: A'a, tunda ba ta da komai. Ki dai wanke hannu kafin ki canza mata.