Sarar zamani: abin da wata tattaunawa kan ma'anar kalmomin yayi ta tattaro

1. An yi ittifaƙi kan waɗannan: "ɗaukar wanka" shi ne cin ado, "ya haɗu" abu ya yi kyau matuƙa, "ya faso gari" ya yi kuɗi ko suna kwatsam, "casu" kuwa rawar biki.

2. "An wanke shi" na nufin an damfare shi. Da yawa sun ja kunne: kada sabon shiga ya haɗa ta da wankan ado, ma'anarsu ta yi hannun riga.

3. An rabu kan "ɗan gayu". Wasu sun ce yabo ne ga mai tsafta da iya sa kaya, wasu sun ce dattijo in ya faɗa, tsawatarwa ce.

4. "Shan minti" sumba ce, kada a furta ta gaban iyaye ko surukai.