Yaya zan yi VACUUM (share gurbin bayanan da aka goge) a kan duk teburan sikima ɗaya lokaci guda a PostgreSQL?

Sabon shiga:
Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka. PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai, nake amfani da shi, na goge tsofaffin bayanai masu yawa jiya amma har yanzu rumbun yana jan ƙafa, tebura sun kai 40 a sikima (rukunin tebura) ɗaya, na rubuta DO (umarnin gudanar da guntun shiri) in zagaya su duka in yi musu VACUUM sai ya ƙi, wai ba zai yi ba.

Tsohon hannu:
Wa alaikumus salam. Ai VACUUM ba ya gudana a cikin DO ko transakshan, shi ya sa. Wace fitowar PostgreSQL kake da ita? In 16 ce ko sama, vacuumdb, shirin yin VACUUM, yana da --schema, ka ƙara --analyze shi kenan.

Sabon shiga:
14 ce yallaɓai.

Tsohon hannu:
To a psql, inda ake buga wa PostgreSQL umarni, ka zaɓo sunayen teburan daga pg_tables (jerin tebura), ka haɗa umarnin da format, ka rufe da \gexec, zai bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mai gadin saba:
Malam kar ka yi VACUUM FULL da rana fa, yana kulle tebur gaba ɗaya har karatu ba a yi, kuma sai faifai na da sarari don sabon kwafi yake rubutawa. Ka bari sai dare.