Raba addini da gwamnati: gadon Nasara ne ko garkuwarmu?

Ɗan kasuwa, Sabon Gari, Maradi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. A Nijar, ƙasar da kusan kowa yake fuskantar alƙibla, don me tun kundin tsarin mulkin 1960 har na 2010 ake nisanta gwamnati da addini? Faransa ce ta bar mana wannan. Sojojinta sun fita a ƙarshen 2023, to a bi su da sauran kayansu. Ni a wurina 'yanci ba ya cika sai an rubuta cewa Musulunci ne addinin ƙasa.

Mushe (malamin makarantar boko) mai ritaya, Mokoyo: Wa alaikumus salam, Alhaji. Asalin tsarin daga Faransa yake, ba na musu. Amma ba a bar shi yadda ya zo ba. Bayan babban taron ƙasa na 1991, ƙungiyoyin Musulunci suka tashi tsaye, aka cire kalmar layisite, wato kalmar Faransanci ta raba addini da gwamnati, daga kundin 1992, aka ce kawai gwamnati ba ta wani addini ba ce. 'Yan Nijar ne suka yi wannan gardama a Yamai. Kundin 2010 ya ce ƙasa tana girmama kowane addini tana kuma kare shi, ya hana kafa jam'iyya kan addini ko ƙabila ko yanki, sannan ya sa shugaban ƙasa ya yi rantsuwa da littafin addininsa. A Faransa ba a yin haka.

Ɗan kasuwa: To Mushe, ka ba ni hujja da bakinka. In an yarda Alƙur'ani ya isa a ɗaure shugaba da shi ranar rantsuwa, don me washegari za a ce ya koma masallaci ya zauna? Makwabtanmu na Katsina da Zamfara sun kafa shari'a tun shekara ta 2000. Moritaniya sunanta ma jamhuriyar Musulunci.

Limamin unguwa, Bagalam: Alhaji, Allah ya saka maka da kishin addini. Amma ni da nake jan salla ina tsoron abin da kake nema, kuma don addinin nake tsoro. Ranar da gwamnati ta ce ita ce mai Musulunci, ita za ta faɗi wane ne Musulunci na gaskiya. Na wa za ta ɗauka? Na 'yan ɗariƙa ko na Izala? A garin nan mun ga 'yan uwa ciki ɗaya sun daina bin juna salla kan saɓanin da bai kai ya kawo ba. Ka ɗora jandarma da kurkuku a bayan ɓangare guda, ka ga abin da zai biyo.

Manyanmu sun san zamanin mulkin soja na Seyni Kunce. Daga 1974 ƙungiyar Musulunci ɗaya tak aka yarda da ita a ƙasa, tana ƙarƙashin idon hukuma. Sai bayan taron 1991 malamai suka samu sararin kafa ƙungiyoyi, suka buɗe makarantu, wa'azi ya cika rediyo. Yawancin islamiyyun da 'ya'yanka suke zuwa yau, a inuwar tsarin da kake so a rushe aka gina su.

Ɗalibi, Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo: Allah gafarta Malam, ina da ja. Ko da rabuwar, gwamnati ba ta janye hannunta daga masallaci ba. A watan Yuni na 2019 an kawo dokar tsara ibada, mai sa ido kan gina wuraren ibada da wa'azi. Wani limami a nan Maradi ya soke ta a huɗuba, aka kama shi. Ina amfanin rabuwar da gwamnati take shiga addini, amma addini ba ya shiga gwamnati?

Limamin unguwa: Ɗana, ka faɗi gaskiya, kuma ciwon ke nan. Sai dai maganinsa a riƙe hukuma ga alkawarin da ta rubuta. Muddin an rubuta cewa an raba, ina da abin da zan tsaya a kai in ce mata ta wuce iyaka. In aka haɗe, huɗubata ta zama aikin gwamnati, wanda ya biya albashi shi zai zaɓi abin da za a karanta.

'Yar coci, unguwar Zariya, Maradi: Ina gaishe da iyayena. Yayana ɗalibi bai ƙarasa labarin ba. Bayan kamun limamin, cocin da ke unguwarmu aka ƙona. Mu ba mu rubuta dokar ba, ba mu kama kowa ba. Haka aka yi a 2000 lokacin rikicin FIMA, bikin nunin tufafi na Afirka, haka aka yi a Damagaram da Yamai a Janairun 2015 kan zanen ɓatanci ga Annabi da aka buga a Faransa. Ni Bahaushiya ce, a ƙasar nan aka binne kakannina. Alhaji, in aka rubuta abin da kake so, ni 'yar ƙasa ce ko baƙuwa?

Ɗan kasuwa: 'Yata, wallahi ƙona coci ba Musulunci ba ne, kuma waɗanda suka yi sun yi zalunci. Shari'a da kanta ta wajabta a kare ki.

'Yar coci: Na yarda da zuciyarka, Baba. Amma ina so kariyata ta zama haƙƙina, ba alfarmar da wani zai iya janyewa ranar da ransa ya ɓaci ba.

Hajiya mai atamfa, Ɗan Gulbi: Ni tambayata ga Alhaji ita ce, me aka hana ka? Aurenmu a gaban malamai ake ɗaura shi. Saki da rabon gado, kotu bisa al'adar masu ƙara take hukunci, mu kuwa al'adar tamu ta Musulunci ce. Dokar iyali da aka so kawowa a shekarun 1990, malamai suka ƙi, ba ta wuce ba. Abin da ya rage shi ne mudun da ake tauyewa da hatsin da ake ɓoyewa sai damina ta yi tsakiya. Wannan ba kundin tsarin mulki ya sa mu ba.

Mushe mai ritaya: Kuma mu Maradawa mun fi kowa dalilin yin hattara. Garin nan Katsinawan da suka rasa sarautarsu a jihadi a farkon ƙarni na 19 suka kafa shi, kamar yadda Gobirawa suka zauna Tsibiri. Sarakunan nan suna salla, amma aka yaƙe su da hujjar cewa sun gauraya addini da al'ada. Ba ina zargin Shehu ba ne, Allah ya jiƙansa. Ina cewa mun san yadda abin yake in mai takobi ya zama mai auna imanin wani.

Ɗalibi: Mushe, na ji. Amma kundin da kuke ta karewa an dakatar da shi tun 26 ga Yulin 2023, jam'iyyu ma an rushe su a Maris na 2025. 'Yancin salla muna da shi. 'Yancin ce wa mai mulki ka yi kuskure fa? Wannan nake so a yi magana a kansa.

Ɗan kasuwa: A nan kam ina tare da yaron nan. Ban sauka daga ra'ayina ba, har gobe ina so sunan Musulunci ya shiga kundin da za a rubuta. Amma Liman, tambayarka ta na wa za a ɗauka ba ni da amsarta yanzu. Zan kai ta wurin malaminmu bayan sallar Juma'a, abin da ya ce zan kawo muku nan.