"Hali zanen dutse ne": ya dace a kawo shi a maganar ceto?

Mai buɗe zance:
Salama gare ku, 'yan'uwa. Muna nazarin Irmiya 13:23, inda annabi yake tambaya ko damisa za ta iya sauya dabbare-dabbarenta, sai wani ya ce ai Bahaushe ya riga ya faɗa, hali zanen dutse ne, ba mai iya kankarewa. Nan take wani ya mayar masa da cewa, to ina za mu kai "tashi in taimake ka"? Abin ya tsaya mini a rai, domin idan mai zunubi ba zai iya juyowa ga Allah da kansa ba, da wane dalili za a kama shi da laifin ƙin juyowa?

Malamin makarantar Lahadi:
Ɗan'uwa, ni ban yarda a kawo wannan karin magana a wa'azi ba. Kowa ya san lokacin da ake faɗarsa: sai an gaji da mutum, an yi masa nasiha har baki ya bushe, sannan a kaɗa kai a ce hali zanen dutse. Magana ce ta fid da tsammani, bishara kuwa kira ce zuwa tuba. Irin wannan hujja ce masani Irasmus ya kawo wa Martin Luta, jagoran gyaran ikilisiya, a 1524, cewa umarnin da ya cika Littafi Mai Tsarki ba shi da ma'ana idan mutum ba shi da ikon amsawa ko kaɗan.

Dattijon ikilisiya:
Malam, na ji ka, amma ka bar amsar da Luta ya bayar a 1525, cewa umarni yana nuna abin da ya wajaba a kanmu ne, bai tabbatar da cewa muna da ƙarfin cikawa ba. Gardamar ma ta girme su da shekaru fiye da dubu. Wani malami mai suna Felajiyus ya koyar cewa mutum yana iya kiyaye dokar Allah da ikon da aka halicce shi da shi, Agustin, bishop na garin Hifo, ya tsaya a kan cewa ko soma nufin abin kirki daga alherin Allah yake, majalisar shugabannin ikilisiya da ta zauna a Kartej kuma ta ƙi koyarwar Felajiyus a 418.

A ganina kullin yana cikin kalmar "iya" ne, domin mukan yi amfani da ita ta fuska biyu ba tare da mun lura ba. Ka dubi mutumin da ƙafafunsa suka shanye, a ce masa ya miƙe: zai dafa ƙasa da hannuwansa, ya yunƙura har gumi ya keto masa, ya koma ya zauna. Yana so, jiki ya ƙi, kuma babu mai hankalin da zai zarge shi. Sai ka dubi wanda ya shekara goma yana gaba da ƙanensa, aka zaunar da su, aka ce ya miƙa hannu, ya kau da kai ya ce, "Ba zan iya ba." Hannunsa lafiya lau yake, harshensa ma haka, kuma gaskiya ya faɗa, ba zai iya ba, domin zuciyarsa ba ta so. Haka Farawa 37:4 ta ce game da 'yan'uwan Yusufu, ƙiyayya ta hana su iya yi masa maganar lumana. Malamin tauhidi Jonatan Edwads ya bambanta waɗannan kasawa biyu a 1754, ta halitta da ta hali. Ta farkon uzuri ce, ta biyun kuwa ita ce laifin kansa, kuma gwargwadon zurfinta gwargwadon nauyin laifin. Shi ya sa Yesu ya ce a Yohanna 6:44 ba mai iya zuwa wurinsa sai Uba ya jawo shi, alhali a 5:40 ya riga ya ce wa masu sauraronsa su ne suka ƙi zuwa.

Ɗalibar tauhidi:
Baba, na gode da wannan bayani. Ina so in ƙara cewa ba mabiyan Kalbin, wani jagoran gyaran ikilisiya, kaɗai ke koyar da wannan kasawa ba. Mabiyan Arminiyus, malamin tauhidin da ya saɓa da koyarwar Kalbin, a takardar da suka gabatar a 1610, sun amince cewa mutum ba zai iya ba da gaskiya da ikon kansa ba. Inda suka rabu da majalisar ikilisiya ta Dot ta 1618 zuwa 1619, wadda ta tsaya a kan koyarwar Kalbin, shi ne ko mutum yana iya ƙin alherin da ya zo masa. Mai wa'azi Jon Wesli ya bi bayan mabiyan Arminiyus da koyarwar alheri mai riga zuwa, wanda yake farkar da mutum har ya sami damar amsawa. Saboda haka "tashi in taimake ka" ita ce ta fi ba ni tsoro a maganar ceto, domin ta sa yunƙurin farko a hannun mutum, majalisar ikilisiya ta Oranj kuwa ta ce tun 529 ko farkon bangaskiya kyauta ce. A neman abinci da karatu magana ce mai kyau, amma wanda Afisawa 2:1 ta kira matacce cikin zunubi ba ya fara tashi.

Malamin makarantar Lahadi:
Na karɓi gyaran, 'yar'uwa. Sai dai damuwata tana nan, domin na taɓa jin mashayi ya kare kansa da wannan karin magana, yana cewa haka aka zana shi.

Dattijon ikilisiya:
To wannan ya karkatar da ita, Malam, domin Bahaushe yana faɗarta ne a matsayin zargi, bai taɓa nufin ta wanke kowa ba. Ni ina kawo ta, amma ban taɓa barinta ita kaɗai ba, sai na haɗa ta da Ezekiyel 36:26, inda Allah ya yi alkawarin cire zuciyar dutse ya ba da zuciyar nama. Karin maganar ta ce ba mai iya kankare zanen, annabin kuma bai yi maganar kankarewa ba, ya ce dutsen ne gaba ɗaya za a ɗauke.

Mai buɗe zance:
Baba, idan mashayin nan ya ce zai zauna jiran ranar da za a ɗauke masa dutsen, me za a ce masa?

Dattijon ikilisiya:
A ce masa ya roƙa yau, ya kuma ajiye kwalbar yau. Filibiyawa 2:12-13 ta umarce mu mu yi aikin cetonmu da tsoro da rawar jiki, domin Allah ne yake aiki a cikinmu har mu yi nufi mu kuma aikata. Idan ya iske roƙon nan a bakinsa da gaske, ni dai zan ce masa ba shi ne ya fara ba.