Auna ragowar takura a ƙarfen da ya gaji ta hanyar hasken eksire

Ɗalibin Injiniya:
Assalamu alaikum, malamaina. Ina bincike a kan sifirin mota wanda aka yi wa feshin ƙananan ƙwallayen ƙarfe domin fatarsa ta matsu, sannan aka ɗora shi a injin da ke lanƙwasa shi yana saki har ya gaji. Shin hasken eksire zai nuna mini abin da ya rage na wannan matsi ba tare da na yanka ƙarfen ba?

Malamin Kimiyyar Ƙarafa:
Wa alaikumus salam. Zai nuna maka, sai dai ba takurar, wato matsi ko jan da ya rage a cikin ƙarfen, na'urar ke aunawa kai tsaye ba, tazarar da ke tsakanin layukan ƙwayoyin zarra take aunawa, bisa dokar Bragg ta 1913, wadda ta danganta wannan tazara da kusurwar da hasken ke dawowa. Inda ƙarfe ya matsu ko ya jawu tazarar kan sauya, kusurwar da hasken ke dawowa ita ma ta gusa. Ana karkata samfurin a kusurwoyi daban-daban, a fitar da takurar daga gangaren layin da awon ya bayar, wato hanyar sin²ψ da Macherauch da Müller suka bayyana a 1961. Ga irin ƙarfenka, hasken eksire da ake samu daga kuromiyom ake amfani da shi a kan layin ƙwayoyin zarra da ake kira 211, wanda ke fitowa a kusurwar wajen digiri 156. Abin da ya fi damuna shi ne zurfi, domin hasken ba ya wuce 'yan maikiromita kaɗan (maikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), alhali matsin da feshi ke bari ya fi ƙarfi a ƙarƙashin fata.

Ma'aikaciyar Ɗakin Gwaji:
Malam ya faɗi gaskiya. Ɗan'uwa, don Allah kada ka goge wurin da sanfefa ko giranda, domin gugar za ta sa tata takurar, ita za ka auna. Idan kana son ganin ciki, da lantarki da ruwan sinadari ake cinye fatar kaɗan-kaɗan, a gyara lissafi a kowane mataki. Kafin komai, ka gwada na'urar da garin ƙarfe marar takura, ka tabbatar ta ba ka kusan sifili.

Malamin Kimiyyar Ƙarafa:
Kuma kada ka jira sai tsaga ta bayyana. Idan nauyin ya yi yawa, kaso babba na matsin yakan saki tun a zagayen farko na lanƙwasawa da saki, daga nan ya riƙa raguwa a hankali. Ka auna kafin gwaji, ka auna bayan zagaye 1, 10 da 100, kullum a wuri guda, kana rubuta faɗin ƙololuwar hasken, wato tudun da hasken da ya dawo ke yi a zanen awon, domin shi ma yana sauyawa yayin da gajiya ke ci gaba.