Inda za a ci abinci a Zanzibar: abin da 'yan'uwa suka faɗa

Ga abin da na tattara daga shawarwarin da 'yan Yamai da Tawa suka ba wata da za ta je hutu Zanzibar, tsibirin da ke ƙasar Tanzaniya.

1. Halal ba matsala ba ce, galibin mutanen tsibirin Musulmi ne. Sai dai otel-otel na bakin teku suna sayar da giya. Wanda ya je da azumi kuwa, gidajen abinci da yawa a Stone Town, tsohon garin Zanzibar, rufe suke da rana.

2. Kusan baki ya zo ɗaya kan Lukmaan, wani gidan abinci a Stone Town: shinkafar pilau mai ƙamshin kanumfari, shinkafar biryani, kifi a miyar kwakwa. Ka nuna abin da kake so, a zuba maka. Da sauƙin kuɗi.

3. Kasuwar dare ta Forodhani, a bakin teku a Stone Town, ita ce ta raba kawuna. Wasu sun ce tafiya ba ta cika sai an zauna nan bayan magariba da kofin ruwan rake mai citta da lemun tsami. Wasu suka ce tsiren kifi da jatan lande kan daɗe a tire, kada a ci sai wanda aka gasa a gabanka, kuma a yi ciniki tukuna. Ni ina tare da na biyun. Urojo dai kowa ya yaba, miya ce mai tsami da dankali da wani abu kamar ƙosai.

4. The Rock, gidan abinci da ke kan dutse cikin teku a Michamvi, gabashin tsibirin: idan teku ta cika sai da kwalekwale. Wasu sun ce kuɗin kallo ake biya, ba na abinci ba. A kama wuri tun da wuri.

5. Sefa ba ta aiki can. A riƙe dala ko yuro a canza zuwa shilin, kuɗin Tanzaniya.